Zan iya kama wa iyalina layi a Disneyland na Faris?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa kai yara filin wasanni na Disneyland na Faris su ba ni shawara.

Ƙanena ya shekara shida a Faransa, ya matsa sai mun je masa hutun watan Agusta, kuma Allah ya sa biza ta fito. Mu bakwai ne: ni da maman yara, da Hajiyarmu, da yara huɗu. Babban shekararsa 12, mai bi masa 9, Ummi 4, sai na goye ɗan wata goma. Tun da yaran nan suka ji zancen Disneyland ba a ƙara barci cikin kwanciyar hankali a gidana ba.

Abin da na ji shi ne ana iya yin awa guda a tsaye kafin a hau lilo ɗaya. Hajiya tana fama da gwiwa, Ummi kuwa ko layin awon asibiti ba ta iya minti goma ba tare da ta kwanta a ƙasa ba. Sai na tsara cewa ni zan riƙa shiga layi, su zauna a inuwa, in na kusa gaba in kira su a waya su taho. Haka muke yi a banki, haka muke yi a gidan mai. Ko fitsari ya kama ka, ka ce wa na gabanka "ni ne a bayanka", ka tafi ka dawo, babu mai ce maka uffan.

Da na gaya wa ƙanen nawa sai ya fashe da dariya, ya ce "Yaya, kada ka soma." Amma shi kansa bai taɓa zuwa wurin ba, gwauro ne, daga aiki sai ɗaki. Shi ya sa nake son ji daga bakin wanda ya je. Laifi ne da gaske? In laifi ne, yaya masu tsofaffi da jarirai suke yi?

Ɗan Damagaram:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙanenka ya yi gaskiya, kuma ni da kaina na taɓa yin abin da kake shirin yi, don haka ba labari aka ba ni ba.

Kafin ma a zo maganar ladabi, ginin layin ne ba zai bar ka ba. Kada ka ɗauka layi ne a fili kamar na gidan mai, wanda mutum zai ɓullo ta gefe ya tsaya kusa da kai. Hanya ce 'yar siririya da aka killace da ƙarfe ko katako, tana lanƙwasa tana komowa kamar hanjin rago, wani lokaci ta hau bene, ta shiga cikin gini. In ka yi minti 40 a ciki, tsakaninka da ƙofa akwai ɗaruruwan mutane. Iyalinka ba su da hanyar iso ka sai su ratsa kowa ɗaya bayan ɗaya suna ba da haƙuri.

Zuwana na farko na tsaya a layin Big Thunder Mountain, jirgin ƙasan nan da ke bi ta ƙarƙashin ruwa ya fita tsibiri. Madam da yara biyu suna can suna shan askirim. Da na hango jirgin na kira su. Sun ratsa kamar mutum talatin lafiya, sai suka zo kan wani dattijo dogo, ina jin ɗan Holan ne. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Hannayensa kawai ya ɗora a kan ƙarfen dama da na hagu, ya ce in mijinki yana son ku hau tare, ya dawo baya ya same ku. Ina hango su daga sama, ina ɗaga hannu kamar mai tare mota. Ƙarshe ni na sauko, ina ratsa mutane ina sunkuyar da kai, muka koma can baya muka sake sabon lale. Har yau in an yi baƙi a gida sai Madam ta ba da labarin nan.

A nan, wuri a layi na wanda ƙafarsa ke tsaye ne. Wanda bai sha tsayuwar ba, ba shi da rabo a cikinta ko da ɗanka ne. Sassaucin da na ga ana yi ɗaya ne: kun shiga tare, an gan ku tare, sai ƙaramin yaro ya matsu. Uwa ko uba ya fita da shi, ya gaya wa na baya, su dawo. Wannan yawanci babu mai hanawa. Mutum ɗaya ya riƙe wa shida wuri kuwa, a'a.

Amma matsalarka tana da magani, kuma su suka tanada. Saboda na goye, akwai tsarin musayar iyaye. Ka gaya wa ma'aikacin da ke bakin layi kuna da jariri. Kai ka bi layi ka hau da manyan yara, in ka sauko ka karɓi jaririn, maman yara ta shiga ba tare da ta sake bin layin daga farko ba. Hajiya kuma a yi mata hayar keken guragu, ana bayarwa kusa da ƙofar shiga. Za ta ce ita ba gurguwa ba ce, tawa surukar ma haka ta ce, amma kafin azahar da kanta ta nemi keken. Tafiyar ƙasa a wurin ta fi tsayuwar layi cin gwiwa.

Sannan ka auna tsawon yaranka tun a gida. Big Thunder Mountain sai yaro ya kai santimita 102, Hyperspace Mountain sai 120. Akwai sandar awo a bakin layi, kuma roƙo ba ya aiki. Na ga uba yana magiya har da haɗa hannu a kan abin da bai kai faɗin yatsa ba, yarinyar da ke aikin tana murmushi tana girgiza kai.

Ku hau jirgin ƙasa na RER A zuwa tashar ƙarshe, Marne-la-Vallée Chessy, kamar minti 40 daga tsakiyar gari. Ku isa kafin a buɗe, don layin farko na binciken jaka ne. Ka sauke manhajarsu a waya, tana nuna mintocin jira na kowane lilo. Agusta kuwa lokacin hutun Turai ne gaba ɗaya, don haka ka zaɓi tsakiyar mako.

Maman Walid:

Alhaji, ni a Ingila nake, Faris sau ɗaya na je, amma Alton Towers, wani filin wasanni a nan Ingila, mun je ya fi a ƙirga saboda makarantar yara. A can a rubuce yake cewa riƙe wa wani wuri tsallake layi ne, kuma ana iya fitar da mutum daga wurin gaba ɗaya a kansa. Baturen Ingila ba zai tare ka kamar dattijon Ɗan Damagaram ba. Zai ja numfashi, ya kalli matarsa, ya yi ɗan tsaki a ciki-ciki. Kai kana ganin ka sha, ashe ya riga ya yi wa ma'aikaci magana.

Abin da nake so in ƙara shi ne tazara, don ita ta fi ba ni wahala da na zo. Mu mun saba da manne wa na gaba, saboda in ka bar ɗan fili wani zai faɗa ciki. Ga shi kuma tun muna yara ake ce mana a cike sahu, kada a bar wa shaiɗan gurbi. To a layinsu ana barin kamar kamu biyu zuwa uku tsakaninka da na gabanka, kuma babu mai shiga. Walid yana ƙarami ya riƙa dafa jakar wata mata yana leƙe, ta juyo sau uku tana kallona kafin na gane ni ake jira in tsawatar. Yanzu kuwa, gaskiya a matsayina na mace na fi son haka. Ki yi awa guda cikin taro babu wanda ya goge ki.

A Faris dai abin gauraye ne. Akwai Faransawa, 'yan Ingila, 'yan Sifaniya, 'yan Italiya, kowa da irin tazarar da ya taso da ita. Za ka ga masu matsowa, za ka ga matasa sun zo su biyar suna cewa abokinsu na gaba. Kada ganin haka ya sa ka ce ashe ana yi. Mu da shigarmu ta bambanta, an fi saurin riƙe fuskarmu.

Saƙo ga maman yara: kowa ya shiga banɗaki kafin layi, ko ya ce ba ya ji. Ta sa dabino da cincin da gorar ruwa a jaka, ƙananan abubuwa suna shiga, babbar kula ce ba a bari. Keken jariri ba ya shiga layi, ana ajiye shi a waje, don haka ta tafi da zanin goyo. In za ta hau masu gudu ta sa hijabin da ke kama fuska, ta cusa bakinsa cikin riga. Mayafi da gyale su zauna a jaka. Na taɓa saukowa daga wani lilo ɗankwalina yana wuyana.

Ɗalibi a Chiba:

Ni ban je na Faris ba, amma na Tokyo yana jiharmu, a Urayasu, tashar Maihama. Tun 1983 aka buɗe shi, shi ne na farko a wajen Amurka. Abin da ya sa na sa baki, a nan na ga abin da ya yi kama da ajiye jarka a layin famfo. In za a yi fareti, mutane suna shimfiɗa 'yar tabarmar leda a bakin hanya su kama wuri. Sai dai da ƙa'ida: ba a shimfiɗawa sai saura awa guda, kuma dole wani ya zauna a kai. Na gaba duk a zaune suke kallo, ana roƙon a cire manyan huluna, kada a ɗaga waya sama da kai. Mutum dubbai, amma yaro ɗan shekara uku yana ganin komai.

Abokina da ya je na Faris ya ce can da an fara kiɗa sai kowa ya miƙe, iyaye su ɗora yara a wuya. Don haka Baba, in kuna son Ummi ta ga faretin, a nan ne dabararka za ta yi aiki. Ku kama bakin hanya da wuri, Hajiya ta zauna a kekenta, masu zuwa sayen abinci su je su dawo. Wurin kallo ba layi ba ne, muddin ba ku mamaye fiye da yawanku ba.

Kawu Na-Fagge:

Ni duk wannan yabon ladabin Turawa bai cika shiga kaina ba. Talaka ya riƙe wa 'ya'yansa wuri an ce ya yi laifi. Mai kuɗi ya danna waya ya biya, an buɗe masa wata ƙofa ya wuce kowa, an ce masa sannu da zuwa. A Faris sunansa Premier Access. Da can akwai FastPass, kyauta, ka ciri takarda ka dawo a lokacin da aka rubuta maka. A 2021 suka maye gurbinsa da na kuɗi. Tsallake layi ne mai rasit, ba wani abu ba.

Amma kada ka ji ina faɗa ka ɗauka ban saya ba. Da na kai nawa Ferrari World a Abu Dhabi, yaran suka nace sai sun hau Formula Rossa, mai gudun kilomita 240 a awa, wanda har tabarau ake ba ka saboda iska. Na dubi layi, na dubi agogo, la'asar ta kusa, na zaro kati. Ina wucewa ta gefen mutane ina kallon ƙasa kamar na ci bashinsu.

Shawarata Alhaji, kada ka saya wa mutum bakwai na komai da komai, kuɗin zai iya fin na shiga. Ka zaɓi lilo ɗaya ko biyu da manyan yaran suka fi ƙwallafa rai, ka saya musu na wannan kaɗai. Akwai kuma layin masu hawa su kaɗai a wasu lilon, kyauta ne kuma ya fi sauri, sai dai za a raba ku, kowa a cusa shi inda kujera ta rage. Ɗan shekara 12 zai so haka, in uwarsa ta yarda.

Batun salla ka tsara shi tun kafin ka shiga dogon layi. A Abu Dhabi da Dubai akwai masallatai a cikin wuraren, ba na tunanin komai. A Faris ka tafi da 'yar dadduma, ka tambayi malaminka hukuncin haɗa azahar da la'asar ga matafiyi kafin ku tashi.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na fasa kama layi. Na karanta wa Hajiya maganar keke, ta ce Allah ya kiyaye, ita da ta yi ɗawafi da ƙafarta. Na ce to, zan dai riƙe kuɗin hayar a aljihu.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Maman yara ta aro tef wurin tela ta auna Ummi a jikin bango, santimita 101 babu takalmi. Ɗan Damagaram, da takalmi suke aunawa ko sai an cire?

Ɗan Damagaram:

Da takalmi, Alhaji. Kambas na yau da kullum ya isa, kuma kafin Agusta ma ta ƙara. Amma kada a yi mata tulin kitso a tsakar ka don a ci santimita, sandar sai ta taɓa kai suke yarda.