Lambar QR a jikin kwali da etiket: masu buga aiki, me kuka gani?

Mai shagon bugu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin shagon buga etiket da kwalaye a nan Garwa, kuma galibin masu kawo mini aiki masu yaji ne da man gyaɗa da sabulu da turare. Kwanan nan kusan duk wanda ya shigo sai ya ce a sa masa baƙin tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya, wato lambar QR. Ni kyauta nake sa musu, tunda fitar da shi ba wani aiki ba ne. Sai wani abokin sana'a da ya dawo daga Duwala ya ce can kuɗi ake karɓa a kai, har da na shekara-shekara. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana: me ake sayarwa a ciki, kuma ina matsalar take?

Mai zane a kwamfuta, Injamena:
Wa alaikumus salam Malam. Kyautar da kake yi ba asara ba ce, don lambar ita kanta ba ta da kuɗi. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, kuma ya bar wa duniya ta yi amfani da ita. Abin da ake biya shi ne abin da ke bayanta.

Iri biyu ce. Akwai tsayayya, wadda ake rubuta adireshin ko lambar wayar kai tsaye a cikinta; wannan ba ta mutuwa, amma kuma ba ta canzawa. Akwai mai sauyawa, wadda take fara kai mutum wani gajeren adireshi, daga nan a tura shi inda mai kaya yake so. Ita ce ake iya sauya mata makoma bayan kwali ya fita kasuwa, kuma tana nuna sau nawa aka haska ta.

A kan ta biyun nan na ga abin tausayi. Wata baiwar Allah mai haɗa garin shebe na gashi ta kawo mini robobinta, wani ya yi mata lambar a ɗaya daga shafukan nan da suke cewa kyauta ne. Ashe gwaji suka ba shi na 'yan kwanaki. Wa'adi ya cika, lamba ta daina kai kowa ko'ina sai shafin da ke neman a biya kuɗin wata, alhali kaya sun riga sun watsu a shaguna. Sai da muka buga 'yan ƙananan sitika aka bi sauran robobin ana rufe tsohuwar. Tun daga nan na sayi sunan shafi nawa, duk lambar da zan yi wa mutum ta cikinsa take bi, ni ke riƙe da linzamin. Kuɗin shekara da abokinka yake faɗa, na wannan riƙon ne.

Hajiya mai yaji, Marwa:
Ni ba mai bugu ba ce, mai kai muku aiki ce, bari in faɗi nawa. Yaron da ya buga mini etiket ya sa lambar da take buɗe WhatsApp ɗina kai tsaye, har da gaisuwa a rubuce, mutum sai dai ya danna tura. Wallahi ta yi mini rana. Matan da aka kai wa tsarabar yajina a Yawunde da Bartuwa ta nan suka same ni, su biya ta Orange Money ko MoMo, in sa musu a mota. Amma a cikin Marwa ban ga mai haskawa ba. Yawancin masu saye a hannuna ƙaramar waya mai maɓalli gare su, masu babbar kuma ba kullum suke da data ba. Don haka ku riƙa rubuta lambar waya ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinta. Kar a cire ta don a sami wurin tambari.

Tsohon ma'aikacin injin, Ngaundare:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni dai ina ganin yara suna ɗokin abin ba su iya buga shi ba. Kafin a yi maganar kuɗin shekara, a fara tabbatar da waya tana karantawa.

A nan aikinmu na masu zuma ne da kilishi. Kwalbar zuma zagayayyiya ce, in lambar ta yi faɗi sai gefenta ya lanƙwashe, waya ta yi ta lalube. In kuma ka matse ta, 'yan ɗigon su haɗe. Ni ba na yarda ta gaza santimita 2 kowane gefe, kuma ina gajarta adireshin, don yawan rubutu shi ke cika ta da ƙananan ɗigo. Farin filin da ke kewaye da ita doka ce, faɗin ɗigo 4 ta kowane ɓangare, amma mai kaya zai ce ka matso da hoton kudan zuma ya zauna a wurin. Kar ka yarda.

Baƙin ma a kula. A injin ofset, inda kowace kala take da filet ɗinta, wato farantin da ke ɗauke da zanen, in ka bar shi a haɗin kala huɗu, filet ɗaya ya ɗan goce, lambar ta yi inuwa. Baƙi zalla ake sawa. Kwalin nan mai ruwan ƙasa kuwa shan tawada yake, ɗigo ya kumbura, sai ka ƙara girma. Leda mai sheƙi ta kilishi tana maido da haske, ga mai da yake tsattsafowa. A kan irin wannan ina zaɓar matakin gyaran kuskure na sama, H, wanda ko kusan kashi 30 cikin 100 ya lalace tana karantuwa. Na ƙasa, L, kashi 7 kawai yake jurewa.

Sannan don Allah a daina karɓar lamba a matsayin hoto ta WhatsApp, matse ta yake yi. A turo ta a matsayin fayil na PDF ko SVG. Kuma a gwada da tsohuwar Itel mai tsagaggen gilashi a cikin rumfa mai duhu. Wayar mai shago ta dubban ɗaruruwa ba ita ce a hannun mai saye ba.

Mai shagon bugu, Garwa:
Allah ya saka, Baba. To ita mai layuka fa, wadda ake haskawa a kanti? Wani mai man gyaɗa ya ce wani babban kanti ya ƙi karɓar kayansa don babu ita, yana so in ƙirƙiro masa.

Tsohon ma'aikacin injin, Ngaundare:
Kar ka ƙirƙira, yaro. Wannan ba irin QR ba ce da kowa zai fitar. Lamba ce mai alƙaluma 13, ƙungiyar GS1 ke rabawa, kuma mai kaya ne yake rajista da sunan kamfaninsa. Waɗanda aka yi wa rajista a Kamaru da 617 suke farawa, na Najeriya da 615. Na ga wanda aka kwafo masa ta jikin wani biskit, aka kai kanti, na'ura ta nuna biskit da kuɗin biskit. Abin da za ka sayar a nan shi ne jagora: ka nuna masa hanyar rajista, in ta fito ka zana ta daidai. Kuma ban da jan layi, don jan hasken na'urar ba ya ganinsa a kan fari.

Ɗan Kusiri:
Mu nan kayanmu gada kawai suke tsallakawa su shiga Injamena, wasu su bi ta Fotokol zuwa Gamboru. Etiket ɗaya ba ta ɗaukar Faransanci da Larabci da Turanci da Hausa da Fulatanci. Abin da ya kawo mini kuɗi shi ne murya. Nakan ɗauki mai kaya yana bayanin yadda ake amfani da kayansa, minti ɗaya a kowane harshe, lambar ta kai mutum wurin. Mai maganin ƙwarin gona da mai garin kunun yara sun fi kowa so, don masu sayensu da yawa ba sa karanta boko. Sai dai a sa fayil mara nauyi, rezo ɗinmu kun san halinsa.

Inda ban yarda ba shi ne masu gaya wa kwastoma wai QR tana hana jabu. Lamba ɗaya a kan kwali dubu, mai jabu hoto zai ɗauka ya buga, tasa ma ta buɗe shafinka. In ana son tsaro sai kowane kwali da lambarsa daban, a rufe da abin kankarewa, kamar yadda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta fara a Najeriya a 2010 ga magunguna, mutum ya kankare ya tura saƙo. Wannan injin ofset mai filet ba ya yin sa, sai injin dijital da rumbun ajiye lambobin. Wanda bai da su kar ya yi alkawari.

Mai turare, Gidar:
Ƙarin bayani kaɗan. Kar a buga a kan takardar nan ta injin zafi irin ta rasit. Zafin Maris da Afirilu a nan yana wuce 40, etiket ɗina sun yi baƙi ƙirin a bayan mota kafin su isa kasuwa.

Mai zane a kwamfuta, Injamena:
Baba, ina tare da kai a kan bugu, amma ba ɗoki kaɗai ba ne. GS1 ɗin da ka ambata ta sa burin zuwa ƙarshen 2027 na'urorin kantuna su iya karanta mai kusurwa huɗun ma, ta yadda lamba guda za ta yi aikin kanti ta kuma buɗe shafi, har ta ɗauki ranar lalacewar kaya. Ba gobe zai iso Kasuwar Gero ta nan Injamena ba, amma masu aika riɗi da zuma da shebe waje za su fara jin tambayar.

Hajiya mai yaji, Marwa:
Ɗana, tambaya ɗaya. Ka ce linzamin yana hannunka. In muka ɓata, ko ka rufe shago ka koma wata sana'a, etiket ɗina dubu biyar da ke ɗaki fa?

Mai zane a kwamfuta, Injamena:
Tambayar tana kan hanya, Hajiya. Wanda yake da hali, da sunansa nake saya masa shafin, in miƙa masa kalmar sirri, ni gyara kawai nake yi. Wanda bai da hali muna rubuta takarda: ko ya daina biya ba zan kashe lambar ba, zan bar ta tana kai wa WhatsApp ɗinsa, ƙidaya da sauyi ne kawai suke tsayawa. Irin naki kuwa, in lambar wayarki ba za ta canza ba, tsayayyar da kike da ita ta ishe ki, kar kowa ya karɓi sefa ɗaya a hannunki duk shekara.

Mai shagon bugu, Garwa:
Na gode ƙwarai. Ɗan Kusiri, maganar muryar nan ta shiga raina, don masu sabulun da nake wa aiki Fulatanci ne yaren kasuwarsu. A ina kake ajiye fayilolin, kuma kuɗin ɗaukar murya daban kake caji ko kana haɗa shi da na etiket?