Wai barin nama na ƙara tsawon rai?

Auta: Assalamu alaikum. Ni fa na fara yarda da masu cewa wanda ya bar nama ya koma wake da ganye ya fi daɗewa a duniya. A garin Loma Linda na Amurka akwai mabiya cocin Adventist, da yawansu ba sa cin nama, kuma an shaide su da tsawon rai.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, wagga magana ba ta kama hankalina ba. Ajali na hannun Allah. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci nama, har an san ya fi son karfata. Halal ne.

Yaya Malam: Gaskiya ne Kawu, halal ne. Sai dai a Muwaɗɗa an ruwaito Sayyidina Umar yana gargaɗi cewa nama na da jaraba irin ta giya. Wato abin tsoron shi ne sabo da yawan ci. Su kuma mutanen da Auta ke faɗa, ba sa shan taba, ba sa shan giya. Ta yaya za a ce barin nama kaɗai ya kai su?

Anti Nas: Allah ya ƙara girma Kawu, bari in sa baki. A 2015 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji. Ta ce giram 50 a kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa, na saniya da rago da akuya, ta ce mai yiwuwa ne. Busasshen nama irin na Turawa na cikin misalan naman da aka sarrafa da suka bayar, to kilishinmu bai yi nisa ba. Haka tsire da balangun da ya yi baƙi a bakin wuta.

Kawu: To kin ga kin goyi bayan Auta ke nan.

Anti Nas: A'a Kawu. Wannan gargaɗin na mai zama gaban mai balangu kowane dare ne, ya ci kitse ya kora da lemo mai sanyi, ga hawan jini ga suga. Amma su nawa ne a Sakkwato? Matan da nake gani wurin awo, in ka ja fatar idonsu ƙasa, fari fat, ba jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya na da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. Sinadarin B12, bitamin da ke taimakawa wajen gina jini, ba a samunsa a zogale ko kuka, sai a nama, hanta, ƙwai, kifi da nono. Wadda ke ganin nama daga Sallah sai suna, in ce mata ta bari?

Inna: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Ku dubi yadda ake rabon miya a gidajenmu. Tsoka biyu uku, duk a kwanon maigida. Mai ciki da yaran da aka yaye sai romo.

Auta: Amma Inna, wake da gero da rama ai suna gina jiki. Fulanin da muke sha'awar ƙarfinsu, fura da nono suka fi sha, ba kasafai suke yanka dabba ba.

Anti Nas: Nonon daga jikin wa ya fito, Auta? Ka riƙe wakenka da kwaɗon zogale, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma kar ka hana matarka hanta, tana shayarwa.

Kawu: Ni dai ban bar nama ba, kuma ba ni bari. Balangun dare kam zan rage, tun da likita ya ce jinina ya hau. Maganar kwanon maigida kuwa, Inna, wannan girmamawa ce da muka gada, ban ga laifinta ba.

Inna: Girman na nan, ba wanda ya taɓa shi. Ni dai gobe in an kawo cefane, hantar ta amarya ce.