Wasu shafuka sun ƙi buɗewa a kwamfutar gida

Ɗan Mabera:
Salam jama'a, don Allah a taimaka. Kwamfutar tebur ce tsohuwa ta yayana, tun shekaranjiya wasu shafuka ke buɗewa wasu ko Chrome ya ce haɗin ba shi da tsaro, har da Gmail, alhali data na nan kuma a waya komai lafiya lau. Wanga abu ya ishe ni wallahi, gobe ƙanwata za ta cike fom.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Ka tabbata ba datar soshiyal ka saya ba? Ita WhatsApp da Facebook kawai take buɗewa.

Injiniyan Arkilla:
Malam kafin ka taɓa komai dubi agogon da ke ƙasa hannun dama. Akwai ɗan batir kamar kwabo a kan madabod (babban allon da ke cikin kwamfutar), ana ce mai CR2032, in ya mutu duk sadda aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma baya, shi kuma burauza, wato Chrome ɗin, in ya ga takardar tsaron shafi ba ta dace da ranar ba sai ya hana ka shiga. In agogo daidai yake to canza DNS (saitin da ke nemo wa kwamfuta adireshin shafuka) zuwa 8.8.8.8 na Google. Kar dai ka yi saurin fomat, wato goge komai a sake loda kwamfutar, masu gyara sun cika son haka.

Ɗan Mabera:
Kai Injiniya, 2009 na gani! Na gyara sun buɗe duka, Allah shi saka. Batirin nawa ne?

Injiniyan Arkilla:
Ba tsada, masu gyaran agogo ma na da shi.