Ƙara faifan ajiya na biyu a kwamfutar tebur: abin da aka tattauna

An tattauna yadda ake ƙara faifan ajiya na biyu a kwamfutar tebur. Duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa aikin ba shi da wahala, amma a buɗe kwamfutar a duba kafin a sayi komai. Ana buƙatar ramin SATA (inda ake sa wayar da ke haɗa faifai da kwamfuta) da ba a amfani da shi a jikin babban allo (motherboard), da wayar wuta da ta rage daga akwatin wutar, da gurbin inci 3.5 da za a ɗaure faifan da noti. Sabon faifai sau da yawa ba ya zuwa da wayar SATA, a saye ta tare. A cire filogi, a taɓa ƙarfen jikin kwamfutar, sannan a sa hannu ciki.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bayan an kunna: faifan ba zai bayyana ba. Lafiyarsa ƙalau. Sai an shiga Disk Management (sashen sarrafa faifai) a Windows an shirya shi, an yi masa fomat na NTFS (tsarin ajiye fayiloli na Windows), an ba shi harafin suna kamar D ko E. Wajen shirya shi akwai tsarin rarraba faifai iri biyu, GPT da MBR: idan girmansa ya wuce 2TB a zaɓi GPT, domin MBR ba ya iya amfani da abin da ya haura haka. A lura sosai da faifan da aka zaɓa, kada a goge tsohon.

An yi saɓani kan SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Ni ina tare da masu cewa a ɗora Windows a kansa, a bar faifai mai juyawa don hotuna da bidiyo. Wani kuma ya ja kunne: hauhawar ƙarfin wutar lantarki kwatsam sau ɗaya na iya ƙona faifan biyu tare, don haka muhimman takardu a ajiye kwafinsu a wani wuri dabam.