Gadar mara waya tsakanin gini biyu tana yankewa: in sabunta manhaja ko in fara da wani abu?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan gadar mara waya da ke haɗa gini biyu, tazarar kilomita 2. Na'urori biyu ne masu faranti, 23 dBi kowacce (ma'aunin yadda faranti ke tattara sigina), a zangon 5 GHz. Sigina yana nuna -66 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina, wanda ya fi kusa da sifili ya fi ƙarfi) a eriyar tsaye, -74 a ta kwance. Faɗin tasha 80 MHz ne, na bar na'urar tana zaɓar tasha da kanta, ƙarfin watsawa kuma na ƙure shi. Gudun bai taɓa wuce 94 Mbps ba. Idan iska ta taso ko an yi ruwa sai ya faɗi, wani lokacin ma ya ɗauke gaba ɗaya na kamar minti ɗaya. Kebul na can gefen ya kai mita 70. Manhajar cikinsu tsohuwa ce. In sabunta ta, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar manhaja tukuna, lambobin da ka kawo sun riga sun nuna inda ciwon yake. A kilomita 2, a 5.8 GHz, abin da sigina ke rasawa a sarari kusan 114 dB ne. Ko da ƙarfin watsawarka 20 dBm ne kawai, ka haɗa da 23 na wannan faranti da 23 na wancan, ka cire 114, ya kamata ka ga wajen -48 dBm. Kai kana ganin -66 da -74. Ke nan kusan 20 dB sun salwanta a hanya, kuma babu manhajar da za ta dawo da su.

Ratar 8 dB tsakanin eriyar tsaye da ta kwance ita ma magana ce. Idan saiti ya yi daidai, bai kamata ta wuce 3 ba. Ko dai farantin bai fuskanci ɗan'uwansa sosai ba, ko akwai abin da ke taɓa hanyar. Ganin wancan gini da ido bai isa ba, domin sigina ba ya tafiya kamar zare. Yana buɗewa a tsakiya kamar ƙwai, shi ake kira yankin Fresnel. A tazararka, daga tsakiyar layin zuwa gefen wannan ƙwan kusan mita 5 ne a rabin hanya, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin 100 ya zama babu komai, wato mita 3 ƙasa da layin. Idan kan bishiya ya shiga wurin, ganye ya jiƙe ko iska ta kaɗa shi, sigina zai yi ta hawa da sauka. Ruwan sama shi kaɗai ba ya yi wa 5 GHz wata illa a irin wannan tazara.

Ka ɗaga turken idan da hali, ka ɗaure shi da wayoyi uku don kada ya yi rawa. Wajen saita faranti mutum biyu ake so, amma gefe ɗaya ke motsawa a lokaci guda: hagu da dama a hankali har lamba ta kai ƙololuwa, a ɗaure, sannan sama da ƙasa. Ka wuce wurin da ka fara samun sigina ka dawo, saboda faranti yana da ƙananan fikafikai a gefe, wato wuraren da sigina mai rauni ke fita, da yawa a kansu suke tsayawa suna zaton sun samu tsakiya.

Amsa ta 2

Na yarda da amsa ta 1, sai dai 94 Mbps ɗin nan ba daga ɓangaren mara waya yake ba. Lambar da tashar kebul ke bayarwa ke nan idan ta haɗu a 100 Mbps. Shiga shafin na'urar ka duba saurin LAN, wato haɗin kebul. Gigabit, wato 1000 Mbps, yana buƙatar wayoyi takwas na cikin kebul duka, 100 kuwa waya ta 1, 2, 3 da 6 sun ishe shi, don haka waya ɗaya ta kuɓuce a RJ45, wato kan kebul ɗin, ko ta yi tsatsa, sai ya koma 100 shiru. Ka kuma tabbatar na'urar kanta da adaftar PoE ɗinta, mai ba ta wuta ta cikin kebul, na gigabit ne.

Mita 70 bai kai iyakar mita 100 ba, amma a 24V kebul na alminiyam da aka shafa wa tagulla yana zubar da wuta, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. A sa na tagulla zalla, na waje mai jure rana, mai rufin ƙarfe a ciki. A lanƙwasa shi ƙasa kafin ya shiga na'ura don ruwa ya ɗiga can, a sa makarin tsawa a sama da ƙasa, a haɗa su da wayar ƙasa. Kuma kada a yi musayar adafta da ka: adaftar 48V wadda ba ta tambaya kafin ta saki wuta za ta ƙona na'urar 24V nan take.

Amsa ta 3

Ɗaukewar minti ɗayan nan fa, duba tsawon lokacin da na'urar ta yi a kunne bayan abin ya faru. Idan agogon ya koma sifili, wuta ce, ka bi amsa ta 2. Idan bai koma ba, buɗe rajistar abubuwan da suka faru, mai yiwuwa ka ga maganar rada. Tashoshin DFS, wato waɗanda ake tarayya da rada, tsakanin 5250 zuwa 5350 da 5470 zuwa 5725 MHz, dole na'ura ta bar su idan ta ji rada, ta kuma saurara na daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa a wata irinsu. Saka ƙasarka ta gaskiya a saiti, yi binciken zango a gefen biyu, ka zaɓi tasha mai tsabta da doka ta halatta ka kafe ta. Sauko da faɗin zuwa 40 ko ma 20, don duk ninkawa tana ƙara hayaniya da 3 dB. Bayan faranti ya saitu, rage ƙarfi har sigina ya zauna tsakanin -50 da -60. Ƙure shi ba ya ƙara gudu, sau da yawa ma lalata tsabtar siginar yake yi.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. LAN ɗin can gefen 100 yake nunawa. To idan na gama waɗannan, yaya zan sabunta ba tare da na kulle kaina a waje ba?

Amsa ta 4

Sabuntawar tana da muhimmanci, musamman don toshe ramukan tsaro, amma da tsari. Fara sauke kwafin saitin kowace na'ura ka ajiye, ka rubuta lambar manhajar da ke ciki yanzu, ka ajiye fayil ɗinta in ya samu. Sabuwar kuma daga shafin kamfanin za ka ɗauko, ka dubi samfuri da lambar ƙirar da ke jikin na'urar, don suna ɗaya kan zo da ƙira biyu. Karanta bayanin da ke tare da ita, wasu ba a tsallaka musu kai tsaye daga tsohuwa sosai.

Ta nesa ake fara yi. Idan ka fara da ta kusa kuma sabuwar ta ƙi magana da tsohuwa, ka rasa hanyar shiga ta can sai ka hau rufi. Ta can ta gama ta tashi, sai ka yi ta kusa ta kebul. A sa su a UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutawa ita ke mayar da na'ura dutse. Haka ma canjin tasha ko kalmar sirri, can tukuna. A airOS, manhajar na'urorin kamfanin Ubiquiti, maɓallin Test yana mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 180 in ba ka tabbatar ba, a RouterOS na kamfanin MikroTik kuma Safe Mode ke irin wannan aiki. A MikroTik, bayan RouterOS akwai manhajar allon na'urar da ake sabuntawa daban, a sake kunnawa. In abu ya lalace, Ubiquiti na karɓar manhaja ta TFTP, hanyar tura fayil daga kwamfuta, a adireshin 192.168.1.20, MikroTik kuma ta manhajar kwamfuta mai suna Netinstall, duk biyun sai kana wurin da kebul.

Bayan sun tashi, duba cewa WDS, saitin da ke barin kowace na'ura ta ratsa gadar da adireshinta, yana kunne a gefen biyu. In babu shi, duk na'urorin can za su fito da adireshin MAC ɗaya, wato lambar shaidar na'ura, DHCP mai raba adireshi da VLAN mai raba hanyar sadarwa kashi-kashi su fara rikici.

Amsa ta 2

Ƙari kaɗan a kan amsata ta farko: kada ka sa wayoyin mutane su hau kan gadar. airMAX na Ubiquiti da Nv2 na MikroTik, tsarin da na'urorin gada ke magana da shi, ba Wi-Fi ɗin waya ba ne, kuma faranti ba ya watsawa sosai ta gefe. Jawo kebul daga can ka sa na'urar rarraba Wi-Fi daban, a 2.4 GHz tasha 1, 6 ko 11 da faɗin 20 MHz, a 5 GHz kuma tashar da ta yi nisa da ta gadar.