Gem ɗin da ke auna bugun zuciyar yaro, wai da gaske yana rage damuwa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah tambaya gare ni ga masu sani. Yarona shekararsa tara, akwai shi da saurin fushi, kuma da an ce jarrabawa ta matso shikenan sai ciwon ciki sai kuka, barci ma ya gagara. To na ga ana ta maganar wasu gem na waya da ake ɗaura wa yaro wani abu a hannu ko a maƙala masa a kunne yana auna bugun zuciyarsa, wai in ya hasala gem ɗin ya yi wuya in ya natsu ya yi sauƙi, bayofidbak ake ce wa tsarin. Ni abin da ya ɗaure min kai, ta ina na'ura za ta san yaro yana cikin damuwa? Kuma ba ƙara masa zaman waya kawai za a yi ba, mu da muke fama a raba su da ita?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsa a taƙaice, na'urar ba ta san damuwa ba sam. Abin da take gani jiki ne kawai. Wadda ake ɗaurawa a hannu ko kunne haske take harbawa cikin fata tana lura da yadda jini ke kaiwa da komowa, da haka take ƙirga bugun, wasu kuma har tazarar da ke tsakanin bugu da bugu suke dubawa saboda zuciyar mai natsuwa ba ta tafiya daidai cif kamar agogo, in ya ja numfashi ta ɗan yi sauri in ya sauke ta ɗan lafa, amma in hankali ya tashi wannan canjin sai ya ragu. Akwai masu auna gumin yatsa, akwai kuma masu ɗaurin goshi da ke karanta siginar ƙwaƙwalwa.

To matsalar ita ce bugun yaro yana hawa in ya tsorata, yana hawa in murna ta kama shi, yana hawa in ya yi tsalle ko zazzaɓi na jikinsa, duk lamba ɗaya za ki gani. Shi ya sa ni ban yarda a riƙa cewa gem ya auna damuwa ba.

Amma dabarar kanta tana da ma'ana fa. Akwai wani gem da likitoci suka ƙirƙira a asibitin yara na Boston a Amurka mai suna RAGE Control, yaro na harbin jiragen abokan gaba a sararin samaniya, da bugunsa ya wuce wani mizani sai bindigar ta ƙi tashi, dole ya tsaya ya yi numfashi ya sauko kafin ta dawo. Daga nan ne aka samo gem ɗin Mightier da ake sayarwa iyaye yanzu. Kin ga ke in kin ce masa ka kwantar da hankalinka bai ma san me kike nufi ba, amma a nan yana gani da idonsa cewa abin da ya yi da numfashinsa ne ya gyara wasan, kuma yana maimaitawa sau da yawa a lokacin da ransa ke ɓace ɗin, ba bayan ya huce ba.

Danbaiwa:
Ni dai wallahi ina da ja. Ba yau aka fara ba, tun 1998 an saki gem ɗin Tetris 64 a Jafan da ɗan abin maƙalawa a kunne mai auna bugun zuciya. Kamfanin gem na Nintendo ma sun fito a 2009 sun nuna na'urar yatsa da za a haɗa da akwatin gem ɗinsu na Wii ta riƙa auna bugun zuciya, daga baya a 2013 suka ce sun ajiye ta don ba ta aiki daidai a jikin kowa. In irin wannan kamfanin ya haƙura ai sai mutum ya yi hattara da masu talla.

Malama Hadiza:
Danbaiwa maganarka na kan hanya amma na'urorin yanzu sun fi na wancan lokacin. Inda ni nake ganin gizo ke saƙar shi ne binciken. Akwai wani gem MindLight da masu bincike a jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka gwada, yaro ne a cikin wani tsohon gida mai duhu, fitilar da ke kansa tana ƙara haske in mai wasan ya natsu, in ya firgita ta dusashe. Da suka gwada shi a 2016 fargabar yaran ta ragu, sai dai waɗanda aka ba wani gem na daban wanda babu wani awo a cikinsa su ma tasu ta ragu kusan haka. A 2018 kuma suka kwatanta shi da zaman koyar da sauya tunani da ɗabi'a irin wanda masana halayyar ɗan Adam ke yi, sakamakon ya zo kusa da juna. Kowa sai ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya yi talla da shi.

Maman Ilham, abin da zan ce miki 'yar uwa, cin gem ba shi ne magana ba, yara akwai wayo, wani zai gano yadda zai riƙe jikinsa ya wuce matakin ba tare da ya koyi komai ba. Abin lura shi ne ranar da ƙaninsa ya fasa masa kaya ko malami ya raba takardar jarrabawa, babu na'ura a hannunsa, zai tuna ya yi numfashin? Wannan kuma sai kin zauna tare da shi kina tuna masa a hankali. Sannan don Allah kar ki mayar da lambar abin faɗa, kina cewa ga shi nan bugunka ya hau, yaro mai fargaba sai ya koma fargabar lambar kuma.

Ciwon cikin da rashin barcin nan kuma a fara kai shi likita ya duba, a kuma bincika ko wani na takura masa a makaranta. Gem ba zai gaya miki wannan ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To in ban sayi komai ba fa, numfashin kaɗai zai yi?

Abu Sadiq:
Zai yi Hajiya, ai shi ne asalin aikin, na'urar nuna masa kawai take. Ya ɗora hannu a ciki ya ja ta hanci har cikin ya taso, ya sauke a hankali, saukewar ta fi jan tsawo don a lokacin ne zuciya ke lafawa. Manya ana kai su wajen numfashi shida a minti, yaro kar ki matsa masa sai ya kai haka, zai ji kamar iska ta yanke masa. Ki ma koya masa taɓa jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga kafin da bayan.

In kuma kin yanke shawarar saye, ki duba ina bayanan yaron ke tafiya, don galibinsu sai an buɗe akawun da suna da shekaru kuma awon na zuwa wajen kamfanin ta intanet. Ki tabbatar akwai yadda za ki sa a goge in kun daina amfani da shi.