Malaman kemistiri, da me kuka fahimtar da yara cewa ƙwayar ruwa gefe biyu gare ta?

Sabuwar malama, Katsina

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Wannan zangon ne karo na farko da aka ba ni kemistiri a aji biyu na babbar sakandare, kuma makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Makon jiya na koyar da ɗaurin da ke cikin ƙwayar ruwa. Na zana oksijin a tsakiya, haidirojin biyu a gefe, na ce oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin nan masu cajin nagetif, shi ya sa gefensa ya ɗan zama nagetif, gefen haidirojin ya ɗan zama fositif. Kowa ya kwafa. Ran Litinin na tambaye su me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma man gyaɗa ba ya narkewa. Ajin ya yi tsit. Can wata yarinya mai ƙoƙari ta ce ai don mai ba shi da nauyi ne. Abin ya tsaya mini a rai, domin na gane sun haddace zanen amma bai shiga ba. Don Allah duk wanda ya taɓa koyar da wannan darasi, ko ya tuna abin da ya buɗe masa kai lokacin yana ɗalibi, ya taimaka mini.

Tsohon malami, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara ashirin da biyu ina wannan darasi, kuma biyar na farko kamar ke nake yi.

Da bargo nake farawa yanzu. Yaya da ƙane sun kwana a bargo ɗaya da sanyin hunturu. Bargon nasu ne su biyu, ba wanda ya ƙwace, amma da asuba za a tarar ya fi rufe yayan, ƙafar ƙanen tana waje. Haka ilektiron biyun da oksijin da haidirojin suka yi tarayya a kansu. A ma'aunin ƙarfin jan ilektiron da masanin kemistiri Linus Pauling ya fito da shi a 1932, littattafan yanzu suna ba oksijin 3.44, haidirojin 2.20. Idan kuwa yayan ya janye bargon gaba ɗaya, to an bar tarayya ke nan, an koma irin abin da ke cikin gishiri, inda sodiyam ya sakar wa kulorin ilektiron ɗinsa ɗungurungum.

Amma ki kula, bargo rabin magana ne. Iskar da muke fitarwa da numfashi, CO2, ita ma oksijin ɗinta yana rinjayar kabon, amma ƙwayar ba ta da gefen fositif da gefen nagetif. Sai in fito da yara uku gaban allo. Na tsakiya ya miƙa hannuwa, biyu su riƙe shi, ɗaya dama ɗaya hagu, su ja da ƙarfi daidai. Ba ya motsi. Sai in ce masu ja su matso gaba su yi kwana kamar bakin almakashi, su sake ja. Nan take sai ya taho. Wannan ita ce ruwa: a lanƙwashe take, digiri 104.5 tsakanin hannuwanta, ita kuwa CO2 a miƙe take sambal, digiri 180, jan wannan ya kashe na wancan.

Za su tambaye ki me ya lanƙwasa ta, ki shirya. Ina zuwa da lemon zaƙi ɗaya a matsayin oksijin, lemon tsami biyu a matsayin haidirojin, da tsinken tsire huɗu. In soke tsinkayen huɗu a jikin lemon zaƙin, kowanne ya nisanci ɗan'uwansa iyakar iyawa, biyu in ɗora musu lemon tsami, biyu in bar su haka. Waɗannan biyun da na bari haka su ne tagwayen ilektiron na oksijin da ba su shiga ɗauri da kowa ba. Ba a ganinsu a rubutun H2O, amma suna cin wuri, har sun fi masu ɗaurin cin wuri, shi ya sa suka matse kwanar daga digiri 109.5 da tsinkaye huɗun za su bayar idan sun nisanci juna daidai wa daida, zuwa 104.5. Zanen allo shimfiɗaɗɗe ne, yaro ba ya ganin wannan sai ya riƙe lemon a hannunsa ya jujjuya.

Malama, Gusau

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, zan ɗauki na lemon nan. Nawa gwajin mataji ne. Ki huda ƙasan robar ruwa da allura ruwan ya riƙa zubowa siriri kamar zare, ki goga matajin roba ko biro a busasshen gashi ko rigar sanyi, ki kawo shi kusa ba tare da ya taɓa ba. Zaren ruwan zai karkato wajen matajin, yara su ɗau ihu. Na fara gwada shi a watan Yuli, da damina, ya ƙi yi sam, domin laimar iska tana kwashe cajin kafin ki kai hannu. A Janairu da hunturu kuwa har yaran baya sai da suka gani. Ki ajiye shi sai iska ta bushe.

Ɗalibin digiri na biyu, Kano

Malama ta Gusau, Allah ya saka da alheri, amma ina da ɗan gyara, a yi mini afuwa. Ni ma da wannan gwaji aka koya mini, aka ce ƙwayoyin ruwa ne suke juyo da gefensu ɗaya wajen matajin. Da na zo jami'a sai na gane abin ya fi haka. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da narkakkun gishirai masu caji, kuma matajin yana jawo kishiyar cajinsa zuwa ɓangaren ruwan da ke kusa da shi, ya kore irin nasa. Wannan yana da babban hannu a karkatar. Gwajin yana da kyau wajen kama hankalin yara, amma kada a ce musu shi kaɗai ne hujja. Kuma don Allah kada kowa ya kwatanta da fetur a aji, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi

Ni ba malama ba ce, amma ina so in faɗi inda na daɗe a ɓace, wataƙila yaranki ma suna can. Har na gama sakandare ina ɗauka cewa idan ruwa ya tafasa, kumfar da ke tasowa oksijin ce da haidirojin, wato ƙwayar ta tsinke. Ba wanda ya taɓa raba mini ɗauri biyun. Sai a makarantar jinya wani malami ya ce mana akwai ɗaurin cikin gida, tsakanin oksijin da haidirojin na ƙwaya ɗaya, akwai kuma riƙon maƙwabta, inda haidirojin na wannan ƙwaya ke manne wa oksijin na waccan. Na cikin gida yana bukatar ƙarfin zafi kusan kilojul 460 a kowane mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi, kafin ya tsinke, na maƙwabta kuwa wajen 20 ne kawai. Wutar murhu maƙwabta take rabawa. Tururi ruwa ne cikakke, shi ya sa yake komawa ruwa a jikin murfin tukunya.

Abin da ya ƙara ratsa ni shi ne da ya kawo H2S, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi ruwa nauyi kusan ninki biyu, siffarta ma a lanƙwashe take, amma tana tafasa a wajen digiri 60 ƙasa da sifili, domin salfa ba ya jan ilektiron kamar oksijin, riƙon maƙwabtanta ba shi da ƙarfi. Ya ce da ruwa haka yake, da babu rijiya, babu kogi, babu jini a jikin kowa. Tun ranar ban sake kallon ledar ƙarin ruwa yadda nake kallonta a da ba.

Mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, Kaduna

Malamai ku yi haƙuri na shigo cikinku, ɗana ne ya nuna mini zancen. Shekara tara ina wannan sana'a. Duk robar da na cika ta har baki na sa a firiza, da safe ta kumbura ko ta tsage, kwalba kuwa fashewa take. Ɗan nawa ya ce idan ruwa ya daskare, kowace ƙwaya sai ta riƙe maƙwabta huɗu su tsaya cak da fili a tsakaninsu, jikin ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, shi ne ma ya sa ƙanƙara take yawo a saman zoɓo. Malama, in kina da firiza ki cika roba ki kai musu su gani da idonsu.

Malamin lise (babbar sakandare), Maraɗi

Hajiya mai ƙanƙara, kin kawo darasi guda sukutum, Allah ya yi wa yaron albarka. Mu nan da Faransanci muke koyarwa, amma inda yara ke tuntuɓe ɗaya ne.

Malama, in koma kan amsar yarinyarki. Kada ki ce mata ta yi kuskure, domin rashin nauyi shi ne dalilin da ya sa man yake tsayawa a sama. Abin da bai bayyana ba shi ne ƙin haɗuwar. Ki sayi sifirit a kemis, ki zuba a ruwa gabanta. Ya fi man gyaɗa rashin nauyi, amma zai ɓace cikin ruwan nan take, saboda yana da oksijin riƙe da haidirojin irin na ruwa. Da ta ga haka ita da kanta za ta nemi wani dalili.

Sannan ki koma kan gishiri. Ƙwayoyin ruwa suna kewaye sodiyam da gefensu na oksijin, su kewaye kulorin da gefen haidirojin, su ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Giram 100 na ruwa yana ɗaukar kusan giram 36 na gishiri, daga nan sai ya kwanta a ƙasa. Shi kuwa mai, yawancin jikinsa dogayen sarƙoƙin kabon ne da haidirojin, waɗanda jansu ya kusa zuwa ɗaya, babu inda ruwa zai kama. Ina hana ɗalibaina cewa ruwa yana korar mai. Ƙwayoyin ruwa sun riƙe junansu ne, man ba shi da abin da zai ba su su saki.

Akwai wani ɗalibina da ke aikin gareji bayan an tashi. Shi ya tambaye ni me ya sa baƙin mai ba ya fita da ruwa zalla sai da kananzir ko omo. Kananzir ɗan'uwan mai ne, shi ya sa yake narkar da shi. Sabulu kuma doguwar jela gare shi mai shiga cikin mai, da kai mai caji wanda ruwa ke kamawa. Yaron nan ya fi kowa cin wannan jarrabawar.

Sabuwar malama, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na tafi da lemo da tsinkaye da sifirit da man gyaɗa a kofunan roba. Na fito da yara uku kamar yadda Baba na Zariya ya ce, kuma da na tsakiya ya taho sai na ji wani daga baya ya ce, au, ashe kwanar ce. Yarinyar nan ita na ba sifirit ɗin ta zuba da hannunta. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta ce to sukari fa, shi ba shi da sodiyam da kulorin, me ruwan yake kamawa a jikinsa? Na ce ta duba zanen ƙwayar sukari a littafi ta ƙirgo mini wurare nawa oksijin ke riƙe da haidirojin, ta kawo ran Alhamis. Gwajin mataji na ajiye shi sai hunturu ya shigo.